Kai Mai Taɓin Hankali Asibiti: Aikin Wa Ne, 'Yan Sanda Ko Ma'aikatan Jinya?

Yau filin namu zai taɓo wata magana wadda ba a cika son yin ta a bainar jama'a ba, alhali kuwa da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa aukuwa ba. Maganar ita ce, idan ciwon taɓin hankali ya taso wa mutum farat ɗaya, ya rikice, ya ƙi ci ya ƙi barci, yana sambatu ko yana neman yi wa kansa lahani, wa za a kira, kuma a cikin wace irin mota za a kai shi wurin likita?

Wata za ta ce ai wannan ƙaramin abu ne, muddin dai an isa asibiti. To, ba ƙarami ba ne. Tafiyar da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti wani lokaci ba ta wuce rabin sa'a, amma a cikinta mutane da yawa sun rasa rayukansu, wasu sun sami karaya, wasu kuma tsoron asibiti ya shige su har ƙarshen rayuwarsu, ta yadda in ciwon ya sake tasowa sai su ɓoye. Yadda aka ɗauki majinyaci shi ne farkon jinyarsa. In an ɗauke shi da mutunci an fara magani tun a hanya, in kuwa an ɗauke shi kamar ɓarawo an ƙara masa wani ciwo a kan wanda yake da shi. Mu mata kuma abin ya fi shafa, domin galibi uwa ce, ko matar aure, ko 'yar'uwa ke fara lura da canjin, ita ke kwana a zaune, ita ce kuma ke yanke shawarar a nemo taimako.

Ƙasar da aka fi yin muhawara a kan wannan batu ita ce Amurka, saboda haka can za mu fara leƙawa.

YADDA AIKIN YA FAƊA HANNUN 'YAN SANDA

A shekarar 1955 akwai majinyata fiye da 550,000 kwance a manyan asibitocin masu taɓin hankali na jihohin Amurka. Daga baya, da aka sami sababbin magunguna, kuma labarin wulaƙancin da ake yi a cikin waɗannan gidaje ya fito fili, sai aka shiga sallamar mutane ana rufe asibitocin, bisa alkawarin za a buɗe ƙananan wuraren jinya a cikin unguwanni. An rufe manyan, amma ƙananan ba su samu yadda aka yi alkawari ba. Saboda haka duk iyalin da ciwo ya tasar wa ɗansu da tsakar dare ba su da wurin nema sai lambar wayar gaggawa ta 911, wadanda kuma ke amsa kira dare da rana, su iso cikin 'yan mintoci, su ne 'yan sanda.

Bugu da ƙari, dokokin jihohi da dama sun ɗora wa 'yan sanda alhakin ɗaukar duk wanda aka ba da umurni a kwantar da shi a asibiti ba da son ransa ba. Su kuma ƙa'idar aikinsu a wurare da yawa ita ce, duk wanda zai shiga bayan motarsu sai an sa masa ankwa. Watau mace ba ta yi sata ba, ba ta daki kowa ba, amma za a fito da ita daga ɗakinta a gaban maƙwabta hannuwa a ɗaure ta baya, a zaunar da ita bayan ragar ƙarfe, wani lokaci a yi tafiyar sa'o'i da ita kafin a sami asibitin da ke da gado.

Su kansu 'yan sandan ba jin daɗin wannan aiki suke yi ba. Wani bincike da ƙungiyar Treatment Advocacy Center ta fitar a 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 21 cikin 100 na lokacin aikin ma'aikatan hukumomin 'yan sandan da aka tambaya yana tafiya ne wajen amsa kiran masu taɓin hankali da ɗaukarsu daga wuri zuwa wuri. Abin da ya fi wannan muni kuwa, lissafin da jaridar Washington Post ta fara a 2015 ya nuna cewa a cikin kowane mutum 5 da 'yan sandan Amurka suka harbe har lahira, kimanin 1 yana da alamun ciwon taɓin hankali.

Me ke jawo haka? An horar da ɗan sanda ne ya ba da umurni a bi nan take: tsaya, ɗaga hannu, kwanta. Wanda ya ƙi bi, a wurinsa mai taurin kai ne, sai a ƙara masa ƙarfi. Shi kuwa wanda ciwo ya taso wa sau da yawa ba ya ma fahimtar abin da ake faɗa masa. Wani yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wani ya riga ya gaskata cewa ana farautarsa za a kashe shi. To, ga jiniya, ga fitilu, ga ƙarti cikin kayan sarki da bindiga suna daka masa tsawa. Abin da yake tsoro ya tabbata ke nan a idonsa, sai ya nemi gudu ko ya kare kansa, su kuma su danne shi. Mafi haɗari shi ne a kifar da mutum rub da ciki, hannuwa a baya, a hau gadon bayansa, domin a wannan hali ƙirji ba ya iya buɗewa, numfashi na iya tsayawa cikin 'yan mintoci.

LABARIN IYALAI BIYU

A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland na Jihar Ohio, iyalin wata mata mai shekara 37, Tanisha Anderson, suka buga waya neman taimako, domin ciwonta ya tashi tana ta fita waje cikin sanyi da kayan barci. 'Yan sanda suka zo, aka daidaita za su kai ta asibiti. Da aka zo shiga bayan motar sai tsoro ya kama ta, ta nemi fita. Aka sa mata ankwa, ta ƙare a ƙasa rub da ciki a gaban danginta, daga nan ba ta sake tashi ba. Likitan binciken gawa ya ce dannewar da aka yi mata a kife tana cikin abin da ya jawo mutuwarta. A 2017 birnin ya biya iyalinta diyyar dala miliyan 2.25, amma kuɗi ba ya mayar wa 'ya uwarta.

Na biyu shi ne Irvo Otieno, saurayi mai shekara 28, haifaffen Kenya wanda ya girma a Jihar Bajiniya. A farkon watan Maris na 2023 ciwonsa ya tashi, 'yan sanda suka kai shi wani asibiti. Mahaifiyarsa, Caroline Ouko, ta bi su, ta ce ta yi ta roƙo a bar ta ta gan shi domin ta san yadda take lallashinsa, aka hana ta. Daga asibitin aka zarge shi da dukan 'yan sanda, aka wuce da shi gidan waƙafi. Bayan kwana 3, ranar 6 ga Maris, aka kai shi babban asibitin masu taɓin hankali na jihar da ankwa a hannu da mari a ƙafa. A ɗakin karɓar majinyata jami'an tsaro da ma'aikatan asibiti suka taru suka danne shi a ƙasa fiye da minti 10, har rai ya yi halinsa. An biya iyalin dala miliyan 8.5. Uwar ba ta tsaya nan ba, ta yi ta fafutika har a 2024 jihar ta kafa doka mai ɗauke da sunan ɗanta, wadda ta ba dangi damar kasancewa tare da majinyacinsu a lokacin da ake duba shi cikin gaggawa, sai fa in akwai wani haɗari.

Ku lura da abu ɗaya, 'yan'uwa. A duka biyun akwai dangi a kusa, sun san majinyacin, suna son a kai shi asibiti. Abin da aka rasa shi ne wanda ya iya aikin ɗaukar.

GARURUWAN DA SUKA SAKE HANYA

Tun kafin waɗannan abubuwa su faru, wani ƙaramin gari mai suna Eugene a Jihar Oregon ya riga ya gwada wata dabara. A 1989 wani asibitin taimakon talakawa, White Bird Clinic, ya haɗa kai da hukumar garin suka kafa wani shiri da ake kira CAHOOTS. Tsarin ba shi da wuya. Mota ce ƙirar bas, a cikinta mutum biyu, ɗaya ma'aikacin jinya ko mai ba da taimakon gaggawa, ɗaya kuma wanda aka horar a kan lallashin wanda ke cikin ruɗani. Ba bindiga, ba kulki, ba ankwa, tufafinsu irin na kowa. In kira ya shigo, mai karɓar waya ya ji ba maganar makami ko laifi ba ce, sai ya tura su maimakon 'yan sanda. Su zo su zauna da mutum, su ba shi ruwa ko bargo, su duba jikinsa, su saurare shi. In ana bukatar asibiti su kai shi da yardarsa, in kuma hankalinsa ya kwanta su bar shi a gida tare da shawarar inda zai je gobe. A 2019 sun amsa kira kusan 24,000, kuma bisa ga lissafin masu shirin, sau 150 kacal suka nemi 'yan sanda su kawo musu ɗauki.

Birnin Denver na Jihar Kolorado ya kwaikwayi wannan a ranar 1 ga Yuni, 2020, da nasa shirin mai suna STAR. A cikin wata 6 na farko ma'aikatansa sun amsa kira 748, ba a kama ko mutum ɗaya ba. Wasu malaman Jami'ar Stanford da suka bi diddigin aikin sun wallafa a 2022 cewa rahoton ƙananan laifuffuka ya ragu da kashi 34 cikin 100 a unguwannin da shirin ya yi aiki, kuma manyan laifuffuka ba su ƙaru ba.

A watan Yuli na 2022 kuma Amurka ta buɗe lambar waya ta musamman, 988, domin masu damuwar rai da masu tunanin hallaka kansu da danginsu. Manufar masu tsarin ita ce a sami abu uku: wanda za a kira, wanda zai zo, da inda za a je. In ɗaya ya ɓace a cikin ukun, sai aikin ya koma hannun ɗan sanda.

Ita Jihar Bajiniya, a 2019 ta ɗauki wani kamfani haya domin ya riƙa kai waɗanda aka ba da umurnin a kwantar da su. Motocin ba su da wata alama a jiki, direbobin ba su riƙe da makami, ba su kuma sa wa majinyaci ankwa. Wanda ya ga motar ta tsaya a ƙofar gida ba zai san abin da ta zo yi ba, wannan kaɗai ma rufin asiri ne babba.

A Turai, birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin ya fito da motar asibiti ta musamman domin masu taɓin hankali a 2015. A cikinta akwai ƙwararrun ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa biyu da direba. Maimakon gadon da ake kwantar da mai rauni a ɗaure shi da maɗauri, kujeru aka sa, domin a zauna fuska da fuska a yi magana. A shekararta ta farko ta amsa kira fiye da 1,200, da dama daga cikin majinyatan kuma a gida aka kashe wutar, ba sai da aka kwantar da su ba.

A Ingila ma an motsa. Tun 2017 doka ta hana a ajiye yaro ɗan ƙasa da shekara 18 a ɗakin tsare masu laifi na ofishin 'yan sanda da sunan ana jiran likita. Daga watan Nuwamba na 2023 kuma 'yan sandan Landan suka daina zuwa kiran da ya shafi taɓin hankali, sai in akwai barazana ga rai ko ana aikata laifi, suka ce sauran aikin ma'aikatan lafiya ne.

BA A RASA CIKAS BA

Kada mu ɗauka an gama magance matsalar. Na farko, akwai lokacin da ba makawa sai da 'yan sanda, misali in majinyaci ya riƙe wuƙa ko bindiga yana neman afka wa mutane. Babu ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan da ya musanta haka. Abin da suke cewa shi ne, irin wannan kaɗan ne a cikin kiraye-kirayen, bai kamata a yi wa kowa ɗaukar mai makami ba. Mafi yawan masu wannan ciwo ba su da haɗari ga kowa, hasali ma su aka fi cuta.

Na biyu shi ne kuɗi da ma'aikata. Shirin Bajiniya ya yi fama da ƙarancin ma'aikata, bai kai ga ɗaukar yawan majinyatan da aka yi buri ba, saura kuwa sun ci gaba da shiga motar 'yan sanda. Shi Irvo Otieno, da yake an riga an ɗora masa tuhuma, jami'an tsaro ne suka ɗauke shi duk da akwai shirin. A Ingila likitoci da ƙungiyoyin majinyata sun yi kashedi cewa in 'yan sanda suka janye alhali ba a ƙara motocin asibiti da ma'aikata ba, to, za a bar iyali su kaɗai da majinyacinsu. Abin baƙin ciki kuma, shi kansa CAHOOTS, uban tafiyar, ya dakatar da aiki a cikin garin Eugene a watan Afrilu na 2025 saboda rashin kuɗi, bayan fiye da shekara 35 yana hidima. Darasin a nan shi ne, janye ɗan sanda kawai ba ya wadatarwa, sai an tanadi wanda zai maye gurbinsa, an kuma ware masa kuɗi na dindindin.

MU FA A NAN GIDA?

A wurinmu lamarin ya ɗan bambanta. Sau da yawa ba ɗan sanda ke zuwa ba, ba kuma motar asibiti ba. Samarin unguwa ake tarawa, ko 'yan banga, a kama mutum a ɗaure da igiya ko sarƙa, a jefa shi bayan a-kori-kura, yara na biye suna ihu. Wani lokaci kuma in ya fasa kayan wani sai a kai shi caji ofis ya kwana a can. Hannun da ke kamawa ne ya bambanta, amma ɗaurin da dannewar da tozartawar duk iri ɗaya ne, haɗarinsu kuma ɗaya ne. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 da ake ajiye masu taɓin hankali a Nijeriya, na gwamnati da na gargajiya da na addini, ta ce ta tarar ana ɗaure mutane da mari a kusan dukkansu.

Amma kuma muna da abin alfahari. A 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda ake saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da wani danginsa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, suna zuwa karɓar magani da rana. Duniya ta yaba da wannan tsari. Watau abin da uwar Irvo Otieno ta yi ta roƙo a 2023, a bar ta kusa da ɗanta, likitanmu ya gane amfaninsa shekara kusan 70 kafin nan.

Ta fuskar doka, Nijeriya ta daɗe tana aiki da tsohuwar dokar 1958 wadda ta samo asali tun zamanin Turawa, wadda ta fi damuwa da tsare majinyaci a kan warkar da shi. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa. Muna da asibitocin ƙwararru a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Sai dai likitocin fannin kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a, kuma nisan da ke tsakanin ƙauye da asibiti har yanzu a wuyan dangi yake.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA IYA YI

Tun da ɗaukar a hannunmu take, ya kamata mu iya ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In akwai mai wannan lalura a gidanki, tun yana cikin lafiya ki ajiye katinsa na asibiti da kwalayen magungunansa wuri ɗaya, ki san mai motar da za ki kira ko da tsakar dare, ki kuma tambaye shi kansa wa yake so ya raka shi in ciwon ya tashi. Ki lura da alamun farko, kamar rashin barci kwana biyu ko uku a jere, yawan magana ba kan gado, zargin mutane, ko daina shan magani. Wanda aka kai a wannan mataki da ƙafarsa yake shiga mota.

In kuwa abin ya riga ya tashi, fara da sallamar 'yan kallo, domin taro yana ƙara ruɗa shi, yana kuma tona masa asiri. A kawar da wuƙaƙe, da taɓarya, da fetur, da maganin ƙwari, da tarin ƙwayoyin magani, a hankali ba tare da an nuna masa ba. A janye yara zuwa maƙwabta. Mutum ɗaya ne zai yi magana, wanda ya fi yarda da shi, da murya ƙasa-ƙasa da gajerun kalmomi, yana kiran sunansa. Kada a kewaye shi, kada a tare masa ƙofa, kada a zo masa ta baya. Kada ki yi gardama da abin da ya ce yana gani ko yana ji, kada kuma ki ce kin gani. Ya isa ki ce, “Na ga kana cikin tsoro, ina tare da kai, zo mu je a duba ka ka sami barci.” Ki guji yaudara, irin a ce za a je biki sai ya tsinci kansa a asibiti, domin in ya gane, gobe ba zai sake yarda da ke ba. A ba shi lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin mota a zaunar da shi a kujerar baya, nesa da direba, mutum ɗaya a kowane gefe, a kulle ƙofofi, a kashe rediyo. In mace ce, lalle mace ta raka ta, a suturta ta da zane da mayafi kafin a fito. Babur bai dace da wannan tafiya ba. In ya zama dole a riƙe shi domin kada ya ji wa kansa ko wani rauni, a riƙe hannuwa da kafaɗu yana zaune ko yana kwance ta gefe, a sake shi da zarar ya lafa. Ko kusa kada a kifar da shi rub da ciki, kada a hau ƙirjinsa ko bayansa, kada a shaƙe wuya, kada a toshe baki da tsumma. In ya ce ba ya iya numfashi, a gaskata shi nan take.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata kowace mace ta sani. Na ɗaya, ba kowace rikicewa ce taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau, da faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, da buguwa a kai, duk suna iya sa mutum sambatu da fisge-fisge. In akwai zafin jiki, ko sanƙarewar wuya, ko suma, ko kuwa abin ya zo wa tsoho farat ɗaya, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Na biyu, mai jego. A cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami mace 1 ko 2 da hankalinsu ke gushewa, galibi a cikin mako biyu na farko. Ta daina barci, ta riƙa maganganu, ta ƙi jaririn ko ta riƙa jin tsoro a kansa. Wannan ciwo ne na gaggawa, yana kuma warkewa da magani. Kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a tsaya jiran suna ko arba'in, a kai ta asibiti a ranar, uwarta ko 'yar'uwarta na gefenta.

In har akwai makami kuma rai na cikin haɗari, to, a nemi hukuma. Amma wadda ta kira ta faɗa tun farko cewa mara lafiya ne, asibiti ake so a kai shi. Wani babba daga cikin dangi ya tare su a ƙofa ya yi musu bayani, ya roƙi a kashe jiniya, ya kuma bi su har inda za a kai shi.

Daga ƙarshe, kira ga ƙungiyoyinmu na mata da shugabannin ƙananan hukumomi. Abin da aka yi a Eugene bai wuce mota ɗaya da mutum biyu masu horo ba. Yawancin manyan asibitocinmu suna da motar ɗaukar marasa lafiya, akwai kuma ma'aikatan jinya da suka karanci fannin ƙwaƙwalwa. Me zai hana a haɗa su, a ba da lambar waya guda wadda uwa za ta kira? Me zai hana a koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa, da masu unguwanni, da su kansu 'yan sanda da 'yan banga yadda ake tunkarar irin wannan majinyaci? Mu riƙa ta da wannan magana a tarurrukanmu, mu kai ta gaban kansiloli da 'yan majalisa, domin sabuwar dokar 2023 ba za ta ɗauki kowa zuwa asibiti ba sai an sa mata mota da ma'aikata. Wanda aka ɗaure yau ɗan wata ne, kuma babu wadda ta san gidan da ciwon zai sauka gobe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri. Sai mun sake saduwa a wannan fili.